Amsa kan Lillian Gish, matar da ke kwance a kan ƙanƙara

Assalamu alaikum. Malama, na karanta tambayarki game da guntun tsohon fim ɗin nan da kika ci karo da shi, wanda ake ganin wata mata kwance a kan ɓallin ƙanƙara kogi yana tafiya da ita. Kin nemi sanin ko wace ce ita, da dalilin da ya sa mutanen irin waɗannan finafinai suke tafiya da sauri kamar ana korarsu, da kuma ko gaskiya ne zuwan sauti ne ya kashe kasuwar jaruman wancan zamani saboda rashin daɗin murya. Na ga wasu 'yan'uwa sun amsa miki cewa wannan ai ba wasa ba ne, zare ido ne kawai da ɗaga hannu. Ni ban yarda da haka ba, domin na shafe shekaru ina koyar da wasan kwaikwayo, kuma babu jarumar da na fi nuna wa ɗalibaina aikinta kamar wannan matar.

Sunanta Lillian Gish, fim ɗin kuma shi ne Way Down East na shekarar 1920. An haife ta a garin Springfield na jihar Ohio a Amurka a 1893. Mahaifinta ya bar gida tun suna ƙanana, sai mahaifiyarsu ta shiga wasan daɓe don neman abin da za su ci, ita ma Lillian da ƙanwarta Dorothy suka fara hawa dandamali tun suna yara, suna bin ayarin 'yan wasa daga gari zuwa gari. A wannan yawon ne suka san wata yarinya da daga baya duniya ta san ta da sunan Mary Pickford, kuma ita ce ta gabatar da su ga darakta D. W. Griffith a kamfanin Biograph da ke New York a 1912. A shekarar ne ya sa su biyun a wani gajeren fim mai suna An Unseen Enemy, suka fito a matsayin ya da ƙanwa, kamar yadda suke a zahiri.

Mai wasan daɓe dole ya buɗe hannu ya ɗaga murya don na kujerar ƙarshe ya gane halin da yake ciki, kuma jaruman farko na fim da wannan ɗabi'a suka zo, shi ya sa masu cewa zare ido ne suna da 'yar hujja idan finafinan farko-farko suka kalla. Amma da kyamara ta fara matsowa kusa da fuska, sai aka gane cewa motsin leɓe kaɗan ya fi ɗaga hannu goma ƙarfi, kuma Gish tana cikin waɗanda suka fara fahimtar haka. Griffith yana sa 'yan wasansa su yi ta gwaji kafin a kunna kyamara, ita kuwa a wannan makarantar ta koyi yadda za ta rage motsi har sai abin da ya rage shi ne ainihin saƙon. Mu da muka taso muna kallon finafinan Indiya a sinima ba tare da jin kalma ɗaya ta yarensu ba, muka yi kuka a inda ya kamata a yi kuka, mun fi kowa cancantar gane wannan fasaha.

Fim ɗin da nake fara nuna wa ɗalibai shi ne Broken Blossoms na 1919. Ta fito a matsayin Lucy, yarinyar da ke zaune a wata unguwar talakawa ta Landan tare da mahaifinta ɗan dambe, wanda duk lokacin da ransa ya ɓaci a kanta yake hucewa. Akwai fitowar da yake umartar ta da ta yi murmushi. Yarinyar ba ta da murmushin da za ta yi, sai ta ɗaga yatsu biyu ta tura gefen bakinta sama, idanunta kuwa suna nan cike da tsoro. Wata shekara na nuna wannan fim a aji, minti goman farko ɗalibai suna ta dariya saboda tufafin mutanen da rubutun da ke fitowa a allo a maimakon magana, amma da aka zo wurin yatsun nan sai ajin ya yi tsit. Bayan an tashi, wata ɗaliba ta tsaya ta ce mini ta san wannan murmushin, domin ta sha ganin sa a fuskar wata 'yar aiki a makwabtansu duk lokacin da baƙi suka zo gidan. Har yau maganarta tana raina. Kusa da ƙarshen fim ɗin Lucy ta kulle kanta a wani ɗan ƙaramin ɗakin ajiya, uban yana saran ƙofar da gatari, ita kuma tana ta juyawa a wuri ɗaya kamar tsuntsun da aka rufe a keji. Ba a jin ihunta, amma ban taɓa nuna wannan fitowa ba tare da wani ya kawar da kai ba.

Daga nan nakan ba su aiki: mutum ya shigo ya sanar da mutuwa ba tare da ya furta komai ba. Waɗanda ba su ga Gish ba sukan dafe kai su faɗi ƙasa su yi ta birgima. Waɗanda suka gan ta kuwa sukan tsaya a bakin ƙofa, su kasa haɗa ido da mai gida, su yi ta murza gefen mayafi, kuma a nan ne sauran ɗaliban suke jin abin a jikinsu.

Game da ƙanƙarar da kika gani, ta gaske ce. Labarin na wata yarinya ce, Anna Moore, da wani ɗan masu kuɗi ya yaudare ta da auren bogi, ta haihu, jaririn ya rasu, daga baya asirinta ya tonu a gidan da take aiki aka kore ta cikin dare ana zubar dusar ƙanƙara, har ta faɗi sumammiya a kan kogin da ya daskare. An ɗauki wani sashe na fitowar a White River Junction da ke jihar Vermont cikin tsananin sanyi, ta kwanta gashinta da hannunta suna cikin ruwan, kuma jijiyoyin wannan hannu sun samu lahanin da bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta. Sai dai gangaren ruwan da ake nuna kamar za ta afka masa ba a wurin yake ba, an haɗa ne da hoton gangaren Niagara wajen tace fim. Jurewarta abin a yaba ne, amma ina gaya wa ɗalibai kada su ɗauki cutar da jiki a matsayin ma'aunin ƙwarewa, domin fitowar da ta fi taɓa ni a fim ɗin ita ce wadda take zaune ita kaɗai a ɗaki da jaririnta, tana hura masa iska a hannuwa don su yi ɗumi, ba ta san rai ya riga ya yi halinsa ba.

Saurin tafiyar mutanen kuwa ba laifinsu ba ne. A wancan lokaci da hannu ake juya kyamara, kuma yawanci ana ɗaukar hotuna tsakanin 16 zuwa 22 a cikin daƙiƙa ɗaya. Da sauti ya zo sai aka tsayar da 24, saboda haka idan aka haska tsohon fim da wannan sabon ma'auni sai kowa ya koma kamar yana gudu. Kuma ba a shiru ake kallonsu ba: ƙananan gidajen sinima suna da mai kaɗa piyano, manya kuma suna da cikakken ayarin makaɗa.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, ko da yake ina ƙaunar aikinta. Gish ta fito a The Birth of a Nation na 1915, fim ɗin Griffith da ya nuna baƙar fata a matsayin miyagu, ya sa Turawa suka shafa baƙi a fuska don su kwaikwaye su, ya kuma mai da Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu ƙiyayya da kai wa baƙar fata hari, masu ceto. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata a Amurka ta yi zanga-zangar ƙin amincewa da shi tun lokacin, kuma a wannan shekarar ne aka sake farfaɗo da Klan a jihar Georgia. Abin da ya fi min zafi shi ne har tsufanta ba ta daina kare Griffith da fim ɗin ba. A 2019 jami'ar Bowling Green ta jihar Ohio ta cire sunan Gish daga zauren sinimarta saboda wannan dalili. A matsayina na baƙar fata ba na ɓoye wa ɗalibai wannan, kuma ba na neman mata uzuri. Nakan faɗa musu tun kafin mu fara kallo, don su san wadda suke koyo daga gare ta.

Yanzu ga tambayarki ta ƙarshe. Bayan Orphans of the Storm na 1921 ta rabu da Griffith, ta je Italiya ta yi The White Sister a 1923, sannan ta shiga kamfanin MGM a 1925 da ƙarfin da mata kaɗan ne suke da shi a lokacin, domin tana da ta cewa a kan labarin da za a yi da wanda zai ba da umarni. Ita ce ta nemi a yi The Scarlet Letter na 1926 tare da darakta Victor Sjöström ɗan ƙasar Suwidin, kuma abokin wasanta Lars Hanson da yaren ƙasarsu yake faɗin maganganunsa a gaban kyamara, ita tana amsa masa da Turanci, mai kallo bai san ana yi ba. Su ukun suka sake haɗuwa a The Wind na 1928, wanda a ganina shi ne ƙololuwar aikinta: labarin budurwar da ta koma wani yankin Texas inda iska ba ta tsayawa, yashi yana shiga abinci da shimfiɗa, har hankalinta ya fara gushewa. A hamadar Mojave aka ɗauke shi, ana amfani da injinan jirgin sama wajen watsa mata yashi. Duk wanda guguwar farkon damina ta taɓa ritsawa da shi a fili zai gane abin da fuskarta take faɗa. Amma fim ɗin ya fito shekara guda bayan The Jazz Singer na 1927, wanda ya buɗe zamanin fim mai sauti, hankalin jama'a ya riga ya koma kan fim mai magana, sai bai yi kasuwa ba, kuma shi ne fim ɗinta na ƙarshe da ya fito a ƙarƙashin kwantiraginta da MGM.

To, muryarta ce matsalar? Ko kusa. Matar da ta taso a dandamali ba za a ce ba ta iya magana ba. Ta yi fim ɗinta na farko mai sauti, One Romantic Night, a 1930, kuma a shekarar ta koma wasan daɓe a New York, inda a 1936 ta fito a Hamlet, wasan Shakespeare, tare da John Gielgud, wurin da dole murya ta kai kujerar ƙarshe. Gaskiya ne akwai waɗanda harshe ya kawo wa cikas, kamar Vilma Bánky 'yar ƙasar Hungary, amma Greta Garbo ma baƙuwa ce, kuma da ta yi magana a Anna Christie a 1930 sai kasuwarta ta ƙaru. Abin da na fahimta shi ne, kamfanoni sun samu damar rabuwa da tsofaffin taurari masu tsada su ɗauko sabbi masu araha, sha'awar masu kallo ta sauya daga yarinya mai rauni da haƙuri zuwa wayayyiyar mace mai kaifin baki, kuma Gish ta haura shekara 35 a masana'antar da ba ta yi wa mata haƙuri da shekaru. Mary Pickford ma ta ci kyautar Oscar da fim ɗinta na farko mai sauti, Coquette, amma duk da haka ta daina fitowa a 1933.

Gish ba ta daina ba. An sa ta cikin masu takarar Oscar saboda Duel in the Sun na 1946. A The Night of the Hunter na 1955 ta fito a matsayin dattijuwar da ke riƙon marayu, tana zaune a baranda cikin dare da bindiga a cinya tana gadin yara daga wani mugun mai wa'azin ƙarya, wanda Robert Mitchum ya fito a matsayinsa. Idan kika lura da yadda take zaune ba motsi a wannan fitowa, za ki ga tarbiyyar zamanin fim marar sauti ce take aiki. An ba ta Oscar ta girmamawa a 1971, ta yi fim ɗinta na ƙarshe, The Whales of August, tare da Bette Davis a 1987 tana da shekara 93, wato shekara 75 bayan na farko, sannan ta rasu a New York a 1993 tana da shekara 99.

Ta yi sa'a yawancin manyan finafinanta sun tsira, domin binciken da babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa sauti sun ɓace gaba ɗaya. Zaren fim na lokacin yana ruɓewa kuma yana kama wuta cikin sauƙi, kamfanoni kuma ba su ga amfanin adana hajar da ta daina kawo kuɗi ba. Gobarar rumbun kamfanin Fox a 1937 ta cinye mafi yawan aikin Theda Bara, wadda ta yi tashe ƙwarai a zamaninta. Ita ma Gish ba ta tsira gaba ɗaya ba, domin fim ɗaya tilo da ta ba da umarni, Remodeling Her Husband na 1920, wanda ƙanwarta Dorothy ta fito a ciki, yana cikin waɗanda suka ɓace, kuma wannan rashi yana damuna, don na so in ga yadda take kallon fuskar wata jarumar ta bayan kyamara.

Idan za ki fara kallo, Malama, ki fara da Broken Blossoms, sai Way Down East gaba ɗayansa don ki ga abin da ya kai ta kan ƙanƙarar, ki bar The Wind ya zama na uku. Haƙƙin mallakarsu ya ƙare a Amurka, shi ya sa ake samun su a intanet, amma kwafin ya bambanta sosai, ki nemi wanda aka gyara, mai kiɗa, wanda mutane suke tafiya a cikinsa kamar mutane. Ki sani kuma cewa a Broken Blossoms Bature ne, Richard Barthelmess, ya fito a matsayin ɗan China, wanda shi ma yana cikin halayen wancan zamani da ba za a yaba ba. Ki kalla da dare a allo mafi girma da kike da shi, ki ajiye waya a gefe, domin minti ɗaya da kika kawar da ido kin rasa maganar da aka yi. Allah ya sa mu dace.