Amsa: shin hayaƙin titi da na murhun gas yana taɓa zuciyar mai hawan jini?

Ɗan'uwa, ka ce Baba yana fama da hawan jini, gidanku yana bakin babban titi, kuma da gas kuke girki, shi ne kake tambaya ko NO2, wata iska mai guba da ke cikin hayaƙi, za ta iya cutar da zuciyarsa. Allah ya ƙara masa lafiya. Tana iyawa, kuma irinsu ne ma ta fi yi wa illa.

Duk inda wuta ta yi zafi sosai, naitirojin da iskar oksijin da ke cikin iska sai su haɗu, daga nan NO2 ke samuwa. Shi ya sa salansar motar dizal, janareta, risho da murhun gas duk suke fitar da ita. Kada shuɗin harshen wuta ya ruɗe ka. Shuɗi yana nuna gas ɗin ya ƙone da kyau, amma zafin nan shi ne ke haifar da ita.

NO2 ba ta narkewa sosai a danshin hanci da maƙogwaro, sai ta zarce can cikin ƙananan hanyoyin huhu ba tare da mutum ya ji komai ba. A nan take tayar da kumburi, sinadaran kumburin kuma su bi jini su zaga jiki. Jijiyar jini tana da wata siririyar shimfiɗa a ciki, ita ke sa ta saki idan ana buƙatar jini ya gudu. Kumburi yana raunana wannan shimfiɗa, jijiya ta ƙage, hawan jini ya ƙaru, jinin kansa ya fi saurin daskarewa. Idan dama akwai maiƙo da ya taru a bangon jijiyar zuciya, yana iya tsagewa, gudan jini ya toshe wurin. Ciwon zuciyar farat ɗaya ke nan. Idan a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Gaskiya a titi ba NO2 kaɗai ake shaƙa ba, tare take tafe da ƙurar hayaƙi mai laushi, kuma masu bincike suna shan wahalar raba laifin kowacce.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar NO2 da ta ba da shawara ta shekara daga maikirogiram 40 zuwa 10 a kowace mita kubik ta iska, ta sa na yini ɗaya 25. Kicin da aka rufe ana girki da gas yana iya zarce wannan nesa ba kusa ba.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne takunkumi. Ko N95 ne, ƙura yake tarewa, NO2 kuwa iska ce, wucewa take yi. Haka na'urar tace iska ta ɗaki, sai wadda aka sa mata gawayin tacewa na musamman, shi ma yana cika, dole a riƙa canzawa.

Abin da ke aiki shi ne nisa da fitar da hayaƙi. Ku mayar da ɗakin kwanan Baba ɓangaren da ke bayan gida. Tagar da ke kallon titi a rufe ta safe da yamma lokacin cunkoso, a buɗe ta baya. A kicin, a kunna fankar zuƙo hayaƙi kafin a kunna wuta, a bar ta minti 10 zuwa 15 bayan an kashe, amma ka duba bututunta ya fita waje. Wadda ke mayar da iskar cikin ɗaki maiƙo kawai take kamawa. Janareta ya zauna a fili, salansarsa ta juya wa taga baya. Tattakin da likita ya ba shi kuwa kada ya bari, ya dai koma layin da motoci ba su da yawa.

Ya riƙe maganinsa a kan lokaci. Idan ya ji nauyi a ƙirji da ke miƙewa zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya yi masa wuya, ko baki ya karkace, ku wuce asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.