In bar karatun kwamfuta tunda AI ta iya rubuta manhaja?

Tambaya: Malam, ina aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Bayero. Aikin da na kwana uku ina fama da shi, ChatGPT ta gama mini cikin minti guda, jikina ya yi sanyi. Abokaina na cewa kafin mu gama babu sauran aiki. In sauya kwas ne? In ba haka ba, wane fanni zan kama? *Ɗalibi daga Kano*

Amsa: Ƙanena, kada ka sauya. Sai dai fargabarka tana da tushe. Tun da ChatGPT, manhajar AI (ƙirƙirarriyar basira) mai amsa tambayoyi, ta fito a Nuwamban 2022, ƙananan ayyukan da ake ba sabon shiga ya koyi hannu, kamar haɗa ɗan shafin intanet ko gyara 'yan layukan manhaja, na'ura ta fara cinye su. Wanda iyakarsa kwafowa ya liƙa, shi kam yana cikin matsala.

Amma ka leƙa Kantin Kwari. A ce wani Alhaji mai atamfa yana son manhajar lissafin shagonsa. Yana da masu ɗaukar kaya bashi sai bayan sallah, yana da baƙi daga Maraɗi masu biya da sefa, ga yaran shago kowa da nasa littafin. Rabin lissafin ma a kansa yake, bai taɓa rubuta shi ba. AI za ta rubuta manhaja da sauri, amma dole wani ya zauna da Alhaji ya fahimci yadda kuɗinsa ke juyawa, ya karanta abin da na'urar ta rubuto ya gane inda ta kauce, kuma ranar da lissafi ya rikice shi za a kira. Wannan mutumin nake so ka zama. Don haka darussan da ɗalibai ke gudu, lissafi da tsarin rumbun bayanai da yadda kwamfutoci ke magana da juna, su ne jarinka. Ka iya Python (harshen rubuta manhaja) da SQL (harshen sarrafa rumbun bayanai) sosai.

Batun fanni kuwa, da ƙanena ne na ciki ɗaya, da na ce ya fara da harkar sadarwa ya zarce tsaron intanet. Jan waya da saita na'urori a banki ko asibiti aiki ne na hannu da ƙafa, takardar CCNA kuma, ta shaidar ƙwarewa a haɗa sadarwar kwamfutoci, an san darajarta. Ga dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta yi a 2023, wadda ta ɗora wa ma'aikatu da kamfanoni nauyin tsare bayanan mutane. Idan kuma lissafi ne ya fi kwanta maka, nemi ayyukan HausaNLP da Masakhane, masu koya wa na'ura harsunanmu. Hausarka a can dukiya ce.

Ka yi hattara da masu tallar kwas ɗin wata uku da alƙawarin albashin dala. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne a intanet, haka shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Lokacin SIWES kuma, wato zuwan ɗalibai wuraren aiki don koyon aiki a aikace, ka nemi inda za ka taɓa aiki da hannunka, ko da ba sa biyan ko sisi. Ita ChatGPT ɗin, fara yin aikin da kanka tukuna, sannan ka ba ta ta duba, ka tambaye ta dalilin kowane gyara.

Tambaya: An ce sai da laftof mai tsadar gaske ake koyon AI. Ɗan kuɗin da mahaifina ya tara ba zai kai ba. Yaya zan yi? *Ɗaliba daga Zariya*

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Manyan ayyukan AI a intanet ake gudanar da su, kuma Google Colab, shafin da ake gudanar da manhaja a kan kwamfutocin Google, na ba mai koyo dama kyauta. Laftof ta hannu mai lafiya ta isa: ThinkPad, ko Latitude ta Dell, ko EliteBook ta HP, mai ƙwaƙwalwar Core i5 da ma'ajiyar bayanai mai sauri ta SSD, RAM ɗinta (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi) 8GB ko fiye, wadda za a iya ƙara mata daga baya. Batir ne zai fi damun ki saboda halin wutarmu. Ki tafi da wanda ya san kaya, a cire caja a gabanki ta yi aiki kamar rabin awa, ki gwada kowane maɓalli, sannan ki karɓi rasit mai lambar na'urar. Ragowar kuɗin ki ajiye na data.