Jakar goyon ɗan sari: ta lita 40 ko ta lita 70?

Wani ɗan kasuwa ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina shirin fara fita sarin kaya da kaina, Dubai da Istanbul, in Allah ya yarda har Guangzhou. Jarina ba shi da yawa, don haka jirgi mai araha zan riƙa bi, in kwana a ƙaramin masauki, in yi zirga-zirga a bas da jirgin ƙasa. Na ga jakar goyo biyu: ƙatuwa mai lita 70 mai sauƙin kuɗi, da wata mai lita 40 da ta ninka ta tsada sau uku. Raina ya fi kwantawa da babbar, don zan iya cuso kayan sayarwa a ciki in dawo da su. Wacce zan saya?"

Alhaji, Allah ya sa a fita a sa'a. Ka sayi ta lita 40, muddin ta cika sharuɗɗan da zan faɗa maka, kuma ka cire tunanin dakon haja a bayanka.

Kuɗin jaka ba ya ƙarewa a ranar da ka biya. Kamfanonin jirgi sun raba kayan fasinja biyu: wanda za ka shiga da shi ciki, da wanda ake aunawa a tura ƙarƙashin jirgi. Na farko yana da iyaka. Turkish Airlines, alal misali, tana barin mai ƙaramin tikiti ya shiga da jaka ɗaya mai kilo 8, girmanta bai wuce santimita 55 da 40 da 23 ba. Emirates kilo 7 take bari. Jakar tafiya mai lita 40 yawanci ana ɗinka ta ne don ta shiga wannan awon, ta lita 70 kuwa ba mai barinka ka wuce da ita. To, jiragen masu araha da kake son bi, tikitinsu mafi sauƙi yawanci bai haɗa da kayan awo ba, biya ake yi daban, a kowane zuwa da kowace dawowa, kuma in ka bari sai a filin jirgi ka biya, kuɗin ya fi na intanet nesa ba kusa ba. Ka ɗauki biro ka lissafa: tafiya huɗu a shekara tashi takwas ke nan. Ka ninka kuɗin awo sau takwas, ka ɗora a kan farashin babbar jakar, sannan ka kwatanta. Kafin shekara ta zagayo mai arahar ta zama mai tsada. Sai dai ka karanta sharuɗɗan tikitinka kafin ka biya, domin wasu kamfanonin, irin su Ryanair da Wizz Air a Turai, 'yar jakar da za ta shige ƙarƙashin kujera kaɗai suke bari kyauta.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Jakar da ta rabu da hannunka tana iya makara, tana iya ɓacewa. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ƙasashe suka ƙulla kan sufurin jiragen sama, ta ƙayyade iyakar diyyar da kamfanin jirgi zai biya fasinja kan kayansa, kuma kafin kuɗin su fito an daɗe ana cike takardu. Mai kwana biyar a gari, da masu kaya suna jiransa, ba shi da kwana biyun da zai ɓatar yana sintiri a filin jirgi.

Yanzu ga abin da za ka duba a jikin jakar, don tsada kaɗai ba ta nuna nagarta.

Fara da maɗaurin ƙugu. Ya kasance mai faɗi, mai soso, wanda zai zauna a kan ƙashin kwankwaso, domin nan ne ya kamata mafi yawan nauyin ya sauka, kafaɗa kuwa riƙewa kawai za ta yi. Wannan ba zai yiwu ba sai tsawon bayan jakar ya yi daidai da naka. Ana auna shi ne daga ƙashin nan da ke tasowa a gindin wuya in ka sunkuyar da kai, zuwa saitin saman kwankwaso. Mutum biyu masu tsayi ɗaya suna iya bambanta a nan, shi ya sa ba na son a saya wa mutum jakar goyo a aiko masa. Ka sa a zuba mata nauyin kilo 7, ka goya, ka ɗaure, ka yi ta kai-komo na minti goma. In ka ji tana jan ka baya ko tana cin kafaɗa, ajiye ta, komai sunan kamfaninta. Kasuwannin sari na Guangzhou benaye ne hawa-hawa, Istanbul kuma gari ne mai tudu da gangare, wuni za ka yi a tsaye.

Sai zik, wanda shi ne ya fi saurin mutuwa a kowace jaka. Nemi mai manyan haƙora, in da hali mai tambarin YKK na Japan, mai kawuna biyu da ke haɗuwa a sa musu kwaɗo. Ka zaɓi wadda ake zuge ta ta buɗe baki ɗaya kamar akwati. Mai buɗewa ta sama kaɗai ta masu hawan duwatsu ce, kuma ranar da jami'in kwastan ya ce ka fito da abin da ke ƙasa, sai ka zazzage komai a gaban jama'a. Yadin ya zama nailan mai kauri, za ka ga lamba irin 420D a takardarsa. Ka juya cikinta ka duba inda aka haɗa maɗaurin kafaɗa, ɗinkin ya zama an maimaita shi. Ka kuma ɗora ta a sikeli ba komai a ciki: in ta wuce kilo ɗaya da rabi, ta fara cin rabon kayanka.

Launi kuwa, ɗauki mai duhu wadda ba ta jan ido.

Batun haja. Abin da za ka iya cusawa a lita 30 ɗin da babbar ta fi ƙaramar bai kai ya biya kuɗin awonsa ya bar maka riba ba, sai in kaya ne marasa nauyi masu tsada, su kuma ba a wurga irinsu ƙarƙashin jirgi. Hajarka ka ba kamfanin dakon kaya, a auna, a ba ka rasit, ka san nawa kowane kilo ya tsaya maka, ka shigar da shi cikin farashin sayarwa. Jakar goyo ta ɗauki tufafin kwana biyar, samfurin kaya, littafin lissafi, caja, da batirin ajiyar caji, wanda dama doka ba ta yarda a sa shi cikin kayan awo ba. In wata rana ka samu tikitin da ya haɗa da kilo 23 na kayan awo, sayi jaka mai naɗewa a can ka cika ta.

Uwar kuɗinka da fasfo kada su kwana a jakar nan ko sau ɗaya. Su zauna a 'yar jakar da ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin riga, kwafin fasfo da na biza kuma ka ajiye a waya da kuma a takarda. Ka tambayi iyakar tsabar kuɗin da dole a bayyana a kowace ƙasa kafin ka tashi. A Tarayyar Turai Yuro 10,000 ne.

Ka rubuta kuɗin jakar a littafinka cikin kayan aiki, ka raba shi kan tafiye-tafiyen shekara uku, yadda za ka yi wa sikeli ko kantar shago. In jarin bai kai sabuwa ba a yanzu, nemi ta hannu mai lita 40, ka gwada zik ɗinta da maɗauranta kamar yadda na faɗa, ka saya.