Sanyin ƙashi, amosani da maganganun gwiwa: amsar wasiƙunku

Hunturu ya sauka a Jos, kuma kusan duk wasiƙun da suka iso mini a wannan karo a kan gwiwa suke. Na zaɓi biyar, wasu za su sami doguwar amsa, wasu layi kaɗan ya ishe su.

Wata malamar firamare daga Anguwan Rogo ta rubuto cewa mahaifiyarta, mai shekara sittin da ɗoriya, tana fama da ciwon gwiwa. A gida ana cewa sanyin ƙashi ne, mai maganin gargajiya ya ce amosani ne, likita kuma ya faɗi wani dogon suna na Turanci. Ta ce: shin duk abu ɗaya ake nufi?

Malama, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Sunayen uku sun haɗu a wani wuri, sun rabu a wani.

Magabatanmu sun kasa cututtuka da yawa gida biyu, na zafi da na sanyi. Shi ya sa kalmar sanyi ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta: mura sanyi ce, ciwon da ake ɗauka ta wajen saduwa ciwon sanyi ne, akwai sanyin mara, ga kuma sanyin ƙashi. Wannan ne ya ba mai lasifika a bakin kasuwa damar ɗaga kwalba ɗaya ya ce tana maganin "sanyi kowane iri", jama'a su miƙa kuɗi, alhali cututtukan da ya lissafa babu abin da ya haɗa su sai suna. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin harshenmu ne ake amfani da shi a cuci marasa lafiya.

Amosani ma haka yake da rassa. Amosanin kai shi ne farin garin da ke zuba daga fatar kai. Amosanin jini shi ne sikila. Amosanin gaɓɓai shi ne ciwon mahaɗar ƙashi. A fahimtata abin da ya tara su ƙarƙashin suna ɗaya shi ne naci: ciwo ne da kan lafa ya sake tashi, ba ya sallama gaba ɗaya.

To a cikin amosanin gaɓɓai kansa likitoci sun rarrabe iri-iri. Akwai wanda garkuwar jiki ce ke afka wa gaɓoɓi, ya fi kama yatsun hannu biyu lokaci guda, mutum ya tashi da safe a sandare har sa'a guda ko fiye. Akwai wanda ke faɗa wa babban yatsan ƙafa cikin dare da zafi kamar wuta, saboda taruwar wani sinadari a jini. Sannan akwai wanda ya fi kowanne yawa, wanda nake zaton shi likita ya faɗa wa Hajiya, wato ostiyo-atraitis. Alamarsa ita ce mutum ya haura shekara 45, ciwon ya ƙaru da aiki ko hawan bene, sandarewar safe kuma ba ta wuce minti 30. A nan guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙasusuwa ne ke sirancewa, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri ya fitar da ƙahonni a gefe, fatar da ke cikin gaɓar ta riƙa kumbura jefi-jefi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum kusan miliyan 528 ke ɗauke da shi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne. Ni nakan kira shi zaizayar gaɓa idan ina rubutu, don a bambanta shi da 'yan'uwansa.

Saura batun sanyin kansa. Ba sanyi ke haddasa zaizayar ba, ana samunta a Sakkwato da Maiduguri kamar yadda ake samunta a kan tsaunin Jos mai tsayin kusan mita 1,200. Amma tsofaffinmu da ke cewa gwiwarsu na sanar da su hadari ba ƙarya suke yi ba. Masu bincike a Jami'ar Mancesta ta Ingila sun tara mutum fiye da 13,000 masu ciwo mai naci, suna rubuta yadda suke ji kullum a wayoyinsu, aka gwada da yanayin garinsu. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna yiwuwar ciwon ya tsananta tana ƙaruwa da kusan kashi 20 cikin ɗari a ranakun laima da iska. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne sanyin iska shi kaɗai bai nuna wani tasiri a fili ba, laimar ce ta fi. Saboda haka Hajiya ta ci gaba da gasa gwiwa da ruwan ɗumi idan tana jin daɗinsa, babu laifi. Amma duk ranar da gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi a taɓawa, ga zazzaɓi, kada a tsaya gashi, a nufi asibiti a ranar, domin ƙwayar cuta kan shiga gaɓa ta lalata ta cikin 'yan kwanaki.

Wani dattijo daga Gangare, tsohon direban babbar mota, ya ce 'ya'yansa sun hana shi ko zuwa masallacin unguwa a ƙafa, wai tafiya za ta ƙarasa cinye masa gwiwa. Shi kuma yana ce musu "motsi ya fi laɓewa". Yana so ya san ma'anar karin maganar, da kuma ko ta dace da halinsa.

Baba, Allah Ya ƙara girma. Laɓewa ita ce mutum ya raɓe jikin bango ko bayan ƙofa ya yi tsit don kada a gan shi. Bahaushe yana faɗin wannan magana ga wanda wahala ta sa ya naɗe hannu: ko ƙaramar sana'a ce ka taɓa, ko ɗan yunƙuri ne ka yi, ya fi zama jiran tsammani. Asalinta maganar neman abinci ce. Amma da wuya a sami inda ta zauna daram kamar a kan gwiwarka, kuma a wannan gardama kai ne da gaskiya.

Ga dalili. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini. Abincinsa yana cikin ruwan da ke cikin gaɓa, kuma yana shan sa ne kamar soso: ka taka ya matse, ka ɗaga ya tsotsa. Gwiwar da aka ajiye wuri ɗaya ba ta samun wannan, naman cinya kuma ya saki, alhali shi ne ke tare nauyi kafin ya sauka kan gaɓa. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara bincike da dama, ya sami zaizayar gwiwa ko ƙugu a kashi 3.5 na masu gudun motsa jiki, kashi 10.2 na masu yawan zama, da kashi 13.3 na 'yan gudun gasa. Wato zama yana da illa, wuce gona da iri ma yana da ita, matsakaicin motsi ne ya fi.

Sai nauyin jiki, wanda mu Hausawa ba mu cika son a taɓo shi ba, tun da ƙiba a wurinmu alamar hutu ce, har mukan yaba wa mutum da cewa ya yi jiki. A 2005 Stephen Messier da abokan aikinsa a Jami'ar Wake Forest ta Amurka suka auna cewa duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage, nauyin da ke sauka kan gwiwarsa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo huɗu. A 2013 suka fitar da wani gwajin na mutum 454 da aka bi wata 18, inda waɗanda suka haɗa rage ci da motsa jiki suka fi samun sauƙin ciwo da ƙarfin tafiya. Mutumin da ya shekara talatin a kujerar mota yana cin tuwon tasha yana da inda zai fara.

Ka faɗa wa yaran nan su bar ka ka je masallaci. Ka zaɓi hanya mai shimfiɗa, ka rage hawa da gangaren duwatsun Jos a farko. A gida ka zauna kan kujera mai tauri ka miƙe ka koma, sau goma, ba tare da dafa hannu ba idan za ka iya. Idan za ka riƙe sanda, ka riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba na ƙafar da ke ciwo ba. Ɗan ciwon da ya lafa kafin washegari ba ɓarna ba ce. Wanda ya kwana ya wuni da kumburi, alama ce ka rage, jiki magayi. Sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwa da ke Lamingo na iya tsara maka atisayen da ya dace da kai.

Wani ɗalibi a Jami'ar Jos ya tambaya: gwiwa ko guiwa? Kuma me ya haɗa ta da zuciya har ake cewa ƙarfin gwiwa?

Ɗana, a daidaitacciyar Hausa gwiwa ake rubutawa, jam'inta gwiwoyi, kuma tamace ce: gwiwata, gwiwar hannu, ƙoƙon gwiwa. Wanda ya taɓa jin mummunan labari a tsaye ya san inda jiki ke fara saki. Daga nan muka sami gwiwa ta yi sanyi, an sage masa gwiwa, an ƙarfafa masa gwiwa. Haɗin gwiwa kuwa zaman mutum biyu ne kusa da juna a kan aiki ɗaya. Macen da ke naƙuda ana cewa tana kan gwiwa, saboda a durƙushe matanmu suka gaji haihuwa.

Wata mai sayar da kayan miya a Farin Gada ta ce an gaya mata "ruwan gwiwarta ya ƙare", an ba ta shawarar shan romon ƙauri da ɓargo, wani kuma ya kawo mata ƙwayoyi masu tsada da ake cewa suna mayar da guringuntsi.

Yaya, wannan magana ta ruwa ya ƙare ta bazu, amma ba ta dace da abin da ke faruwa ba. Sau da yawa gwiwar da ta zaizaye ruwa ma yawa yake yi mata, shi ne kumburin da kike gani. Ɓargo kuwa a cikin ramin ƙashi yake, ba shi da hanyar da zai bi ya zuba cikin gaɓa. Ki sha romonki don daɗi da ƙoshi, amma abin da aka ci ciki yake narkewa, ba ya tafiya gwiwa ya manne. Tun a 1743 wani likitan Birtaniya mai suna William Hunter ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya komawa, kuma har yau ba a sami ƙwayar da ta ƙaryata shi ba. A 2006 an gwada gulukosamin da kondiroitin, wato irin ƙwayoyin nan da ake cewa suna mayar da guringuntsi, a kan mutum 1,583 a Amurka, kuma a jimlace ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. A 2002 a birnin Hustan na Amurka an raba mutum 180, wasu aka wanke musu gwiwa da na'urar leƙa gaɓa, wasu aka tsaga fata kawai aka ɗinke, bayan shekara biyu babu wanda ya fi wani sauƙi. Allurar sitiroyid, wato maganin rage kumburi mai ƙarfi, idan aka yi ta a gaɓa tana kwantar da ciwo na 'yan makonni, amma gwajin 2017 ya nuna waɗanda aka yi wa ita duk wata uku har shekara biyu sun fi rasa guringuntsi.

Abin da na fi ji miki tsoro shi ne haɗin da ake ƙullawa a leda a wasu kemis, ja da fari da rawaya, ba suna ba takarda. Sau da yawa akwai magungunan kashe zafi irin su diklofenak da ibuprofen a ciki, wani lokaci har da sitiroyid. Shan su kullum na kawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya tayar da hawan jini. Na shafawa ya fi sauƙin illa, shi likitoci ke fara bayarwa ga gwiwa. Idan ciwo ya kai ga hana barci da tafiya duk da wannan, akwai aikin sauya gaɓa, ana yin sa a Nijeriya, har da asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Ta ƙarshe daga wani magidanci ne a Rikkos. Mahaifinsa ba ya iya sujada sai da hawaye, amma ya ƙi zama kan kujera a sahu, yana ganin abin kunya ne. Ya ce ko "durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne" za ta taimaka wajen lallashinsa.

Malam, gajiyawa a nan ba gajiyar aiki ba ce, kasawa ake nufi. Wanda ya rusuna wa na ƙasa da shi don wata bukata bai rage komai ba, idan ya miƙe da tsawonsa zai miƙe. Ma'anar ta dace da Baba, ko da yake shi durƙuson ne ma ya gagare shi. Hausa ta bambanta tsuguno, da durƙuso, da gurfana, kuma duk suna naɗe gwiwa har ƙarshe, inda matsi ya fi yawa a bayan ƙoƙonta. Binciken da aka yi a Beijin a 2004 ya danganta dogon tsuguno da zaizayar gwiwa a tsofaffi, Birtaniya kuma tun 2009 ta sa ciwon a jerin cututtukan aiki na masu haƙar kwal. Duk wanda ya ga yadda ake wankin kuza a bakin kududdufan Filato, a tsugune daga safe har la'asar, zai gane dalili. Sujadar 'yan daƙiƙu daban take da wannan, amma idan ta zama azaba, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya fi karin maganar nan ƙarfi a wurin Baba: a yi salla a tsaye, wanda bai iya ba a zaune, wanda bai iya ba a kishingiɗe. Ka roƙi limaminku ya faɗa masa da bakinsa, dattawa sun fi karɓar irin wannan daga malami a kan daga ɗansu. Ka kuma duba masa makewayi, domin masai na tsuguno yakan fi sallar wahalar da shi, kuma ana sayar da kujerar da ake ɗorawa a kai.