Ko zanen alƙaluma zai iya jan mutane zuwa daji?

Tambaya: Malam, ina aiki a wani gandun daji, kuma mun tara bayanai masu yawa a kan tsuntsaye da itatuwa da ruwan sama, amma masu ziyara ba sa ko waiwayar jadawalin da muka liƙa a bakin ƙofa. Shin akwai yadda za mu zana alƙaluman nan su ja hankalin jama'a? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, akwai, kuma dabarar ba ta yau ba ce. A shekarar 1807 wani masani Bajamushe, Alexander von Humboldt, ya wallafa zanen dutsen Chimborazo na ƙasar Ikwado, inda ya nuna shi kamar an tsaga shi, ya rubuta sunan kowane tsiro daidai tsayin da yake fitowa, tun daga gindi har zuwa inda ƙanƙara ta rufe. Mai kallo sai ya ji kamar yana hawan dutsen da idonsa.

A ganina, zanen da ke fitar da mutum daga ɗaki shi ne wanda ke gaya masa wuri da lokaci. Dubi eBird, shafin intanet na tattara rahotannin tsuntsaye, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ke Amurka ta ƙaddamar a 2002. Daga rahotannin masu kallon tsuntsaye ake haɗa taswira mai motsi, inda launi ke gangarawa mako bayan mako yana nuna ƙaurar tsuntsu, har mutum ya gane cewa a makon nan ne baƙon zai sauka kusa da shi.

Ke ma ba sai da kwamfuta ba. Ki zana da'ira mai gida 12, kowane wata da gidansa, ki ba kowane tsuntsu launinsa a gidajen watannin da ake ganinsa, ki sa kibiya mai juyawa a kan watan da ake ciki. Alƙaluman ruwa kuwa, ki kai su bakin rafin kansa: ki kafa sanda, ki yi mata zobe a inda ruwa ya kai kowace shekara, don yaro ya tsaya ya gwada tsayinsa da ambaliyar bara. Wannan ya fi jadawali nesa ba kusa ba.

Sai dai ki yi hattara da taswirar da ke nuna ainihin wurin sheƙar tsuntsun da ya yi ƙaranci, domin mafarauta ma suna karanta taswira. Shi ya sa eBird ke ɓoye wuraren da aka ga irin waɗannan tsuntsaye.