Fim yana cijewa a talabijin: in ƙara RAM?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi kwamfuta ta hannu a kasuwar Circle, na jona ta da talabijin ɗin falo don kallon fim da iyali. Wasu suna tafiya sumul, amma masu 4K sai hoto ya riƙa cijewa, murya ta riga baki, fanka tana ta ƙara. Mai shago ya ce in ƙara RAM. (Daga Nima, Accra)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. In RAM ɗinka, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ta kai 8GB, ta ishe ka; mai shago kuwa hajar da ke gabansa zai tallata maka.

Yawancin fina-finan 4K, masu hoto tangaran sosai, da tsarin HEVC, wato H.265, ake matse su. Na'urorin Intel (processor, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) daga zubi na 7, wanda ya fara fitowa a 2016, suna da sashe na musamman da ke kwance wannan matsi ba tare da wahala ba. Duba lambar taka. In ka ga i5-7500, kana ciki. In i5-4570 ce, zubi na 4 ke nan, ba ta da sashen, dole ta yi aikin da ƙarfin tuwo, shi ya sa fanka ke kuka. Ko ka tsaya kan fina-finan 1080p, da ke ƙasa da 4K, waɗanda ba su da laifi daga nisan kujera, ko ka nemi ƙaramar kwamfuta mai Intel N100.

In kuwa taka ta cancanta, buɗe manhajar kunna fim ta VLC, shiga Preferences, sannan Input/Codecs, ka mayar da Hardware-accelerated decoding kan Automatic, don ta yi amfani da wancan sashen.

Akwai wata 'yar rawa da hoto kan yi idan kyamara tana zagayawa a hankali, ko a kwamfuta mai tsada. Ana ɗaukar fim da hotuna 24 a daƙiƙa, kwamfuta kuma tana aika 60. Tunda 60 ba ta rabuwa daidai da 24, wani hoton yakan fito sau biyu, na bayansa sau uku. Ni dai manhajar kunna fim ta Kodi nake so a nan: kunna Adjust display refresh rate, talabijin za ta koma 24 da kanta in tana iyawa.

Sai ƙura. Kwamfutar da ta sha hunturu a cikin kabad takan yi zafi ta rage gudu da kanta. Kashe ta, cire ta daga wuta, ka buɗe ka kakkaɓe fankar, kuma ka ajiye ta inda iska ke ratsawa.