Kafin ki sayo wa Inna kalsiyam, ki fara leƙa kwanon abincinta

*"Mahaifiyata tana da shekara 68, muna zaune a Shara Mansur, Makka. Na shiga saidaliyya, wato kantin magani, zan saya mata kalsiyam na tarar da kala-kala. Wani an rubuta 1,250, wani 600, kuɗin wani ya ninka na wani. Wanne zan ɗauka? Tana shan maganin ƙwannafi kullum."*

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa Inna lafiya. Kafin ki koma saidaliyya, zauna ki ƙirga abin da take ci a wuni, domin ƙwaya cike giɓi kawai take yi. A ma'aunin da likitocin Amurka ke amfani da shi, macen da ta wuce 50 tana buƙatar miligiram 1,200 na kalsiyam a rana. Namiji kuwa 1,000 ne, sai ya haura 70 yake komawa 1,200. Wannan adadi ya haɗa da na abinci. Kofi ɗaya na madara ko laban (nono) yana ɗauke da kusan 300, kuma sauran abincin yau da kullum ana ƙiyasta yana ba da kimanin 250. Ke nan in Inna tana shan kofi biyu, ta riga ta samu wajen 850, ƙwaya ɗaya mai 500 ta ishe ta har da saura. In kuma aka ƙara mata zabadi (kindirmo) da daddare, ko kifin gwangwani da ake ci da ƙayarsa, ko miyar kuka, wataƙila ba ta ma buƙatar ƙwayar.

Lambobin da suka ruɗa ki kuwa, ga yadda suke. Kalsiyam ba ya zuwa shi kaɗai, a haɗe yake da wani sinadari. Mai karbonat, kashi 40 cikin 100 na nauyinsa ne kalsiyam na gaske, don haka ƙwayar da aka rubuta 1,250 a jikinta 500 kawai take bayarwa. Ƙwayar da ake kira Caltrate mai 600 ita ma karbonat ce, sai dai su sun rubuta zallar kalsiyam ɗin. Mai sitrat kuwa kashi 21 ne, shi ya sa ake shan ƙwayoyinsa da yawa kuma ya fi tsada. Ki ce wa mai saidaliyya ya nuna miki zallar kalsiyam a ƙwaya ɗaya, wannan lambar ce abin dubawa.

Maganar ƙwannafin da kika yi a ƙarshe ita ce ta raba gardama. Karbonat sai da ruwan tsamin ciki yake narkewa, shi ya sa ake shansa tare da abinci. Magunguna irin su omifrazol da Nexium aikinsu rage wannan tsami ne. Don haka ga Inna ni sitrat zan zaɓa, ko da ya fi kuɗi, domin shi bai damu da tsamin ciki ba, kuma bai cika kawo kumburin ciki da taurin bayan gida kamar karbonat ba. Wanda ba ya shan irin waɗannan magunguna, karbonat mai araha ya wadatar masa.

Kada ki ba ta fiye da 500 zuwa 600 a lokaci guda, hanji ba ya iya tsotse fiye da haka yadda ya kamata. Kuma yawansa ba alheri ba ne. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2006, kan mata fiye da 36,000, waɗanda aka ba kalsiyam 1,000 da bitamin D kullum sun fi sauran samun tsakuwar ƙoda da kashi 17 cikin 100. Mu da muke cikin zafin Makka, ga tsofaffinmu ba sa son shan ruwa don gudun yawan zagayawa, wannan ba abin wasa ba ne. In ta taɓa yin tsakuwa ko ciwon ƙoda, kada ki saya sai likita ya ce. In tana shan Euthyrox, maganin tayiroid (gaɓar da ke wuya, mai kawo maƙoƙo), a bar awa 4 tsakaninsu. Maganin ƙarin jini ma a raba musu lokaci.

*"Babana yana da shekara 74, muna Jidda. Gwiwoyinsa sun hana shi sujada, a kujera yake salla. Wata huɗu yana shan kalsiyam babu canji. An yi masa tahalil, an ce kalsiyam ɗin jininsa lafiya lau."*

Malam, na fahimci damuwarka, ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ga mahaifinsa ya kasa kai goshi ƙasa. Amma gaskiya kalsiyam ba maganin gwiwa ba ne. A irin shekarun Baba, mafi yawan ciwon gwiwa daga cinyewar guringuntsin gaɓa yake, kuma ko ya shekara yana shan ƙwayar nan ba za ta mayar da shi ba. Abin da ke taimakawa shi ne rage ƙiba in akwai, atisayen ƙarfafa naman cinya, sanda, da ganin likitan ƙashi.

Raunin ƙashi, wanda za ka ga an rubuta "hashashatul izam" a takardun asibiti, shi ba ya ciwo. Shiru yake cin mutum har sai an karye. Tahalil ɗin jini ma ba ya nuna shi, domin in jini ya rasa kalsiyam, jiki daga ƙashi yake ɗebowa ya cike, sai sakamako ya fito lafiya alhali ƙashi yana ƙarewa. Na'urar Deksa ce ke auna shi, kuma in lambar ta kai −2.5 ko ƙasa da haka, an shiga cutar. In ka lura Baba ya rage tsawo ko bayansa ya fara ranƙwafawa, ka nemi a yi masa.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka karɓi haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, irin wanda ake cewa "sha yanzu magani yanzu". An sha gano kotizon, wani maganin kashe kumburi, a ɓoye cikin irinsu. Zai kashe ciwo a kwana biyu, amma in an daɗe a kansa yana zaizaye ƙashi, ya tayar da suga da hawan jini.

*"Maƙwabciyata a Madina ta ba ni ragowar bitamin D ɗinta mai 50,000. Zan iya sha kullum?"*

A'a, Hajiya, don Allah kada ki yi. Wannan likita ke rubuta shi, yawanci sau ɗaya a mako na 'yan makonni, ga wanda gwaji ya nuna nasa ya yi ƙasa. A ma'aunin da ake ƙirga bitamin D da shi, wato IU, buƙatar yau da kullum 600 ce, 800 ga wanda ya wuce 70, kuma ba a son a zarce 4,000 a rana ba da umarnin likita ba. Yana taruwa a jiki, yawansa ya ɗaga kalsiyam na jini har ya taɓa ƙoda. Mai yiwuwa ne naki ya yi ƙasa, domin duk da hasken ranar da ke ƙasar nan muna wuni a ɗaki da na'urar sanyi, baƙar fata tana jinkirin samar da shi, fatar tsoho haka, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya aiki. Ki je a auna, sannan a ba ki daidai ke.

*"Yayar mahaifiyata tana Katsina, shekararta 71. Bara ta zame a tsakar gida ta karye a wuyan hannu, aka yi mata ɗori. Ina so in aika mata kwalaben kalsiyam ta hannun masu Umara."*

Ɗan'uwa, niyyarka mai kyau ce, amma karayar nan ta fi ƙarfin kalsiyam. Tsohuwar da ta faɗi daga tsaye ta karye, likitoci suna ɗaukarta a matsayin mai raunin ƙashi sai in bincike ya nuna akasin haka, kuma wadda ta karye sau ɗaya ta fi kusa da ta biyu. Akwai magunguna na ainihi, kamar Fosamax mai miligiram 70 da ake sha sau ɗaya a mako da sassafe, kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, a zauna a miƙe minti 30 ba a kwanta ba. Likita ne zai duba ƙodarta da cikinta ya ga ko ya dace da ita. Kalsiyam da bitamin D rakiya suke yi masa.

Gwaggona haka ta fara, da wuyan hannu. Muka yi ta aika mata ƙwayoyi, hankalinmu kwance. Bayan shekara biyu ta tashi alwalar asuba, silifas ɗinta ya zame a kan jiƙaƙƙen tayil, ta karye a ƙugu. Har yau ina ganin kwalaben nan jere a kan tagar ɗakinta, wasu ko buɗe su ba a yi ba, ita kuma tana kwance ba ta iya juyawa sai an juya ta.

Da ni ne kai, kuɗin zan raba. Kaso mafi girma na ganin likita da gwaji, sai a sa mata ƙarfen riƙewa a banɗaki, tabarmar roba a wurin alwala, fitila mai caji kusa da gadonta, a kuma duba idanunta ko yanar ido ta fara rufe su. Ka tsayar mata da mai kawo nono ko kindirmo kullum. Kwalba ɗaya ta kalsiyam ta isa ka ba masu Umarar, ka rubuta yadda ake sha da Hausa a jikinta.